Ruwan Rijiya Ga Kifin Teku

Duk Gidan Rumji an san Marwa mai tuwon tasha, an kuma san ba a yi mata gyara a kan gishiri. Shekara goma sha huɗu tana tsaye gaban tukunyar miya daga hantsi har la'asar, direbobin kamiyo suna ci suna suɗe yatsa, ba wanda ya taɓa yamutsa fuska. Kifi ne dai ba ta sani ba, in ba busasshe ba, wanda ake ɓarzawa a miya.

Mijinta Yahuza shekararsa goma sha ɗaya a Lome, yana aiki gidan wani Bature mai kiwon kifin ado cikin akwatunan gilashi. Sau ɗaya yake leƙowa gida a shekara, ya yi kwana ashirin ya koma. Ɗiyarsu Nazira ta shiga lakol har ta iya karatu, uban bai ga ranar farko ba. Da aka gama babban taron ƙasa na Yamai, ƴan ci-rani suka fara jin ƙamshin sauyi suna komowa, sai ga Yahuza a bayan kamiyo rungume da ganga, kamar mai jinya.

Kifi uku ne a ciki, Baturen ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Biyu ruwan lemo masu farar ɗamara uku-uku, tafiyarsu da rangaji, shi ya sa ake ce musu ƴan kama. Na ukun shuɗi ne mai rawayar wutsiya, da ƴar aska a gindin wutsiyar, sunansa Likita. Yahuza ya kafa akwatin gilashi a ɗakin soro mai sanyi, ya haɗa ɗan injin kumfa da batirin mota, ya lulluɓe gefe da jiƙaƙƙen buhu. Ya zo da buhu biyu na gishirin teku da yake damawa da ruwa a bido, wato jarka. Ƴar kwalbar awon gishirin ce kawai ta fashe a hanya, ya ce ba komai, ya haddace awon da gwangwani.

Gari ya yi ta zuwa kallo. Masu gardamar jam'iyyu a bakin zaure ma sukan ajiye rediyo su leƙa. Yahuza kuwa bakinsa ba ya rufuwa.

"Ku tsaya ku gani. A garin nan za su haihu, sai an zo daga Yamai neman iri."

Ƴan kama kuwa suka yi ƙwai, jajaye, manne a jikin tsingaron tukunya da ya sa musu. Namijin ya tsaya kansu yana yi musu fifita da fiffike. Kwana na huɗu suka yi fari fat, suka ruɓe. Aka sake, haka. Bayan na biyun Yahuza ya zauna a ƙofar ɗakin bai ci tuwo ba.

"Uwar Nazira, ƙasar ga ba tasu ba ce. In na uku suka lalace, zan maida su bakin teku."

Marwa ba yarinya ba ce. Ta san ba kifin ne za su tafi su bar mai su ba. Jakar tafiyarsa tana nan rataye a ƙusa tun ranar da ya zo, rabin kayan ma bai fitar ba, kuma duk sharar da za ta yi sai ta harari jakar nan. Ta gaji da auren kwana ashirin, gajiya ta gaske.

Ƙwai na uku suka zo cikin zafin bazara, ana shirin zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa. Da yake Yahuza yana jin Faransanci, aka sa shi cikin masu aikin buron zaɓe a Gidan Sori, kwana biyar har da tafiyar amalanke. Kafin ya fita ya ja ta gaban akwatin, ya nuna mata layin da ya zana.

"Kullum ruwa zai sauka. Ki cika daga bidon nan zuwa layi. Likita ki ba shi dafaffen zogale. Abu guda, Marwa, ko ɗigon ruwan daɗi mara gishiri kada ya shiga. Kifin teku ne, mutuwa za su yi."

"Na ji, maigida."

Washegari ta shiga da zogalen. Likita ya zo ya shinshina ya juya. Ƴan kama suna haki, namijin yana fifita kamar wanda aka tilasta. A bakin gilashin kuma ga wani farin ɓawo zagaye. Tana tsiyaya daga bido sai ruwan akwatin ya fallatsa mata a bayan hannu, ta lasa ba da niyya ba, sabon mai girki.

Ta tsaya cik. Ta kawo cokali, ta ɗanɗana na bido, ta kurkure baki, ta ɗanɗana na akwatin. Haba. Na bido gishiri ne mai hankali, na akwatin kuwa har maƙogwaro yake yanka.

Nan take abin ya faɗo mata. A Lome aikin Yahuza shi ne ya je bakin teku da ganguna ya ɗebo sabo, a zubar da tsohon duk mako, iskar can kuma jiƙe take. Nan ko? Rana tana shanye ruwa yatsa biyu a yini, shi kuma wata da watanni yana cikawa da mai gishiri, ba ya zubarwa don kar buhu ya ƙare. Bawan Allah yana ta tsare kifinsa daga ruwan daɗi, yana jiƙa su a kanwa.

Surukarta Inna Habi ta same ta tana tafasa ruwan rijiya tana juyewa a sabuwar randa.

"Wanga na mine ne?"

Ta faɗa mata. Tsohuwa ta riƙe haɓa.

"Ɗiyata, mai abu ya ce kar. In sun mutu da kansu, ƙaddara ce. In sun mutu da hannunki, ke za a riƙa nunawa har ki tsufa."

"Inna, in na bi maganarsa ƙwan nan ruɓewa za su yi, ya ɗauki jaka. Miyata tun hantsi take kan wuta, in ta ƙafe ruwa nake ƙarawa, ban taɓa ƙara gishiri ba. Rana ba ta shan gishiri."

"Miya daban, kifi daban."

"Harshen dai guda ne."

Ta fara ɗibar tsohon ruwan ta cika wata kwalba ta ɓoye. Ba ta yi garaje ba, don ta san miyar da aka kwarara wa ruwa lokaci guda tsinkewa take. Duk bayan salla sai ta kwashe kwano guda daga akwatin, ta mayar da na randa a hankali ta gefen gilashi, ta jira, ta ɗanɗana. Tashar ma ta bar wa ƙanwarta.

Kwana na biyu da azahar namijin ya bar ƙwan, ya koma kusurwa ya lafe. Marwa ta zauna daɓas a ƙasa. Inna Habi ta leƙo, ta duba, ta fita abinta. Marwa ta ɗauko cokali ta sake ɗanɗanawa. Har yanzu ya fi na bido gishiri. Da la'asar ta zuba kwanonta kamar yadda ta saba.

Kafin magariba namijin ya koma kan ƙwansa. Da safe Likita ya cinye zogale har yana fizga. Kwana na huɗu ya zo ya wuce, ƙwan ba su yi fari ba, sai duhu da suka yi, kowanne da ɗigo biyu masu ƙyalli.

Yahuza ya dawo da tawadar zaɓe a yatsa, ko ruwa bai sha ba ya faɗa ɗakin soro. Abin da ya fara gani bido ne, kusan yadda ya bar shi, ga randa a gefe da kwano a kai. Fuskarsa ta canja.

"Marwa, mi na ce miki?"

Ta miƙa masa cokali daga kwalbar da ta ɓoye. Ya kai baki, ya tofar.

"Wannan shi ka bar su ciki."

Ta ɗebo na akwatin. Ya riƙe a baki ya daɗe, mutumin da ya yi shekara goma sha ɗaya igiyar ruwa tana watsa masa a fuska.

"Wannan teku ne," in ji shi a hankali.

Sannan ya sunkuya ya ga idanun ƴaƴan kifin suna ƙyalli cikin ƙwan. Ya jima a durƙushe. Kunya ta kama shi, ya rasa inda zai sa ido, Marwa kuwa ba ta taimake shi ba ko kaɗan, ta naɗe hannu tana kallon rufin ɗaki.

Bayan sallar asuba, da gari ya yi haske, tsingaron ya zama wayam. A saman ruwa wasu ƴan mitsi-mitsi suna ta wutsil-wutsil, ba su kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, sun fi ɗari. Yahuza ya yi ta kai-komo yana kwashe su zuwa ƙaramin akwati, yana ɗiga musu koren ruwan da ya daɗe yana raino a kwalabe don abincinsu. Zai cika ƙaramin akwatin sai ya tsaya da kwano a hannu.

"Uwar Nazira, zo ki ɗanɗana mini."

Ta ɗanɗana, ta ce a ƙara rabin kwano na randa. Ya ƙara bai yi musu ba.

Da hantsi ta ɗauko tsintsiya ta shiga ɗakinsu, ta ɗaga kai za ta yi hararar da ta saba, sai ta ga ƙusa tsirara. Kayansa na ninke a kan gado. Ta taga ta hango Nazira ta nufi lakol, jakar ubanta rataye a kafaɗa tana dukan ƙwaurinta, allo da alli a ciki.