Motar da Ke Kan Turame

Duk wanda ya zauna unguwar Nima a shekarun da suka biyo bayan tafiyar Turawa ya san motar Awudu Direba. Baƙar Ostin ce ta kafin yaƙi, mai fitilu biyu manya kamar idon mujiya. Baturen da Awudu ya yi wa tuƙi a Adabraka ne ya bar masa ita lokacin da yake tattara kayansa. Sau ɗaya ta taɓa shigowa Nima da ƙafarta. Ta gangaro daga filin masallaci, ta yi tari, ta mutu a bayan gidan Awudu, kusa da babbar kwatar da ke kwashe ruwan unguwa.

Don kada tayoyin su ruɓe, Awudu ya cire su ya rataye a ɗakinsa. Ya roƙi tsofaffin turame huɗu a wurin matan gidan, ya datse su daidai tsayin taya, ya ɗora motar a kai. In aka tambaye shi yaushe za ta tashi, sai ya ce, "Baɗi." Har ya koma ga Mahaliccinsa baɗin bai zo ba.

Ita kuwa kwata ba ta jiran kowa. Kowace damina sai ta gutsiri gaɓa. Bara ta tafi da madafin Abibata mai koko, maƙwabciyarsu. Bana abin da ya rage tsakanin turmin baya da bakin ramin bai wuce faɗin tabarma ba.

Zuera, 'yar Awudu tilo, ta gama makarantar midil, tana buga tafireta a wani ofis a Adabraka. Doguwa ce, ba ta iya sunkuyar da kai ba, kuma mutanen lungu ba su yafe mata wannan ba. Wata Asabar ta dawo ta tarar da Jibirilu, ƙanen mahaifinta, yana zagaya motar yana ƙwanƙwasa ta da sanda.

"Na yi magana da masu yankan ƙarfe na Kotobabi," in ji shi. "Gara su yanka ta da kwata ta haɗiye."

"Ba za a yanka ta ba, Baffa."

"To, wa zai ɗauke ta? Ke?"

"Ni. Zan mayar mata da tayoyinta, a tura ta filin masallaci. Daga nan in gyara ta a hankali."

Abibata da ke wanke tukunya ta tuntsire da dariya. "Ei, Malama akawu. Wannan ba tafireta ba ce. In kin ga ta tashi, ki ɗauke ni zuwa kasuwar Malam Atta in sayo gero."

"A gaba za ki zauna, Mama Abibata, in dai kin wanke ƙafa."

Jibirilu bai yi dariya ba. Ya ɗaga kai ya dubi sama ta wajen teku, inda gizagizai suka fara taruwa da yamma. Ya ce, "Ruwan farko na gaske, in ya same ta a nan, ba ni da sauran magana. Ke ma ba ki da ita."

Zuera ba ta taɓa riƙe sifana ba. Ta zazzage buhun kayan aikin mahaifinta a tsakar ɗaki, ta zauna tana juya ƙarafan ɗaya bayan ɗaya har ta gane wanne ke cin wanne. Ta ɗauki tayoyin a ka, ɗai-ɗai, ta kai wa mai faci a bakin titi. Samari suka yi ta yi mata fito. Ba ta waiwaya ba.

Wahalar tana wurin notuna. Awudu, don kada su ɓace, ya mayar da su kan ƙusoshinsu bayan ya cire tayoyin, tsatsa kuma ta haɗe su suka zama abu guda. Kullum da asuba Zuera ta ɗiga musu kananzir kafin ta tafi aiki, da yamma ta dawo ta yi kokawa da su. Tafin hannunta ya yi bororo, ya fashe, ya yi kanta. A ofis shugabarta ta dubi baƙin da ke ƙarƙashin farcenta ta taɓe baki.

Ƙafar gaba ta dama ce ta fara sakewa. Ta kafa jak, ta ɗaga motar, ta saka taya, ta janye turmin. Ya fi yadda ta zata sauƙi. Na biyu ya fi na farko sauƙi. Da ta zo na uku, sai ta ɗaga shi da hannu ɗaya kamar ƙwarya. Ta kifa shi. Jar ƙasa ta zubo, gara farare suka watsu a kan ƙafarta. Daga waje turmin lafiya lau, har da sauran sheƙin hannayen da suka yi daka a cikinsa. Ciki kuwa babu komai sai ɓawo.

Mahaifiyarta Damata ta gani daga ƙofar gida. Ta matso, ta rage murya.

"Zuera, ki bar na huɗun nan. A gindinsa nake zubar da ruwan wanke-wanke tun ran da aka kafa shi. Ƙasar ba ta taɓa bushewa ba."

"Saura ɗaya, Inna."

"Ubanki ma haka yake cewa."

Turmi na huɗu shi ne na bakin kwata. Zuera ta gwada kafa jak a wurin, ya nutse cikin laka. Ta sa katako a ƙarƙashinsa, katakon ya karkace ya zame cikin ramin, ta ji faɗuwarsa can ƙasa. Babu abin da zai riƙe wannan kusurwa sai turmin kansa. Idan ta durƙusa kusa da shi ta yi shiru, tana jin wani ɗan motsi a ciki, kamar ana tauna garin rogo a ɗaki na gaba. Ta daina yin shiru a wurin.

Ranar Lahadi bayan azahar iska ta tsaya cik. Kaji suka shige ƙarƙashin rumfa. Sama ta wajen teku ta yi baƙi kamar gindin tukunya, kuma tun ba a ga ɗigo ɗaya a Nima ba, ruwan kwata ya fara ƙaruwa yana zuwa da gwangwanaye da ganyen ƙunshe tuwon dokunu, alamar an riga an yi ruwa a can kan tudu. Noti ɗaya ya rage. Zuera ta jingina tayar a gefenta, ta durƙusa da bayanta ga ramin, ta dafa ƙasa da hannun hagu a ƙarƙashin ƙarfen ƙafar motar, ta danna sifana da dukkan nauyinta.

Notin ya sake. Turmin ma ya sake. Bai yi ƙara ba, ya dai nitse cikin kansa kamar gurasa, ƙarfen ya sauko a kan hannunta.

Ba ta yi ihu ba da farko, don numfashinta ya ɗauke. Damata ce ta yi. Ruwa ya ɓarke a daidai lokacin. Mazan gidan duk suna waje, sai mata. Abibata ta fito da taɓarya, ta daka wa sauran tsawa su kawo nasu da duwatsun murhu. Suka jera duwatsun, suka cusa taɓare a ƙarƙashin motar, suka hau kansu da ƙirji. Motar ta yi nishi ta ɗaga kaɗan. Zuera ta zaro hannunta. Yatsu biyu na ƙarshe sun kwanta ta inda yatsa ba ya kwanciya.

"Kada ku sauke," in ji ta.

"Kin haukace?" in ji Abibata, ruwa na zuba a bakinta. "Yarinyar nan, ƙasa na tafiya a bayanki."

"In kuka sauke ba za ta ƙara tashi ba. Ku riƙe."

Ta mirgino tayar da hannun dama, ta tallafe ta da gwiwa, ta tura. Ba ta shiga ba. Ta juya ta kaɗan, ta sake turawa da kafaɗa, idanunta na ganin duhu-duhu. Ta shiga. Sai dai hannu ɗaya ba ya ɗaura noti. Yana ta kuɓuce mata cikin laka.

Wani ya durƙusa kusa da ita da farar riga. Jibirilu ne, ya taho daga masallaci a guje. Ya dubi hannun, ya dubi gaɓar da ta tsage har kusa da gwiwarta. Ya tsinci notin ya goge a rigarsa.

"Ta wane gefe ake juya shi?"

"Dama, Baffa."

Da maza suka taru aka tura motar sama, tana kuka a kowace ƙafa, Zuera na tafe a gefe tana riƙe da sitiyari ta taga, hannun hagu naɗe cikin ɗankwalin mahaifiyarta. Ba su kai filin masallaci ba suka ji gaɓar ta rufta. Ragowar turmin da duwatsun murhun Abibata suka bi ruwa.

Yatsun nan biyu ba su ƙara lanƙwasuwa ba. A ofis aka mayar da ita ɗakin ajiyar takardu, aka ba wata ma'aikaciyar tafiretarta. Ba ta roƙi kowa ba. Kowace yamma tana filin masallaci, ta buɗe murfin inji, tana ɗiga mai a ramukan da tsatsa ta kama, tana gwada juya hannun tayar da injin, wanda bai motsa ba tukuna. Daga inda take tsaye tana hango bayan gidansu. Tsakanin bangon ɗakin Damata da bakin kwata, abin da ya rage bai wuce faɗin tabarma biyu ba.