Abin da Hoto Bai Ɗauka Ba

Tahani ba ta so a sayar da kwat ɗin ulun mahaifinsu ba, amma wa ya tambaye ta? Tun rasuwar Baba, mai gidan da yake haya a Iskandariyya yake jiran makullinsa, yayanta Midhat kuma ya ce komai ya tafi gwanjon intanet. A duk gidan, kwat ɗin nan kaɗai ya rage da ƙamshin Baba, na tabar shisha da kanumfari.

"Ki faɗi duk aibinsa, kada gobe mai saye ya zo mana da ƙorafi," in ji Midhat. "Kuma ki daina shinshina shi kamar kyanwa."

Ta ɗauki hoton aljihun da ya yage, da gurbin maɓallin da ya ɓace, da ƙunar garwashi a hannu. Ko zare ba ta ɓoye ba. Wani mutumin garin Mansura ya fi kowa tayi, ta naɗe ta aika tana hawaye.

Ba a jima ba sai ga saƙonsa: "Baiwar Allah, ba ki ce yana wari ba. Matata ta hana shi shiga ɗaki."

Wai wari. Ji mutum don Allah. Ranta ya ɓaci, can kuma sai daɗi ya rufe ta.

"Rage masa wani abu a kuɗin ya riƙe kwat ɗin," in ji Midhat. "In ya kai ƙara za su rufe mana shafi, ga firji ga kujeru ba a sayar ba."

"To Yaya, ta ina ake ɗaukar hoton ƙamshi? Ya dawo da shi kawai, ni zan biya kuɗin aike."

Mutumin ya yarda. Tahani ta share wa kwat wuri a cikin kabad ɗinta tana jira.

Ranar da ya iso, a leda ya zo, a goge sumul, har aljihun an ɗinke. Ta cusa fuska a wuyansa, ta juya hannayen, ta bi aljihu ɗaya bayan ɗaya. Sabulu kawai.

Midhat yana duba waya yana murmushi. "Mutumin kirki ne fa. Ya ce ya kai shi wanki don kada mu ce ya ɓata mana kaya, ya kuma yabe mu a shafi." Ya shafa ulun. "Yanzu ma zai fi sayuwa. Ko kina so ki riƙe?"

"A'a," ta ce. "Miƙo wayar in sake ɗaukar hoto."