Makusanciyar da Aka Sakaya Sunanta

Mika'ilu Ɗalhatu ya rubuta tarihin mashahuran mutane huɗu, kuma babu ko ɗaya a cikinsu da ya ce masa bisimilla. Haka sana'arsa take: ya tsinci magana a bakin direba, ya tsinci wata a bakin mai kitso, inda ta yanke ya ɗinke da zaren kansa. Na huɗun, wanda ya yi a kan mawaƙiya Asama'u Garko, shi ya fi kasuwa, shi ne kuma ya kore shi daga Kano, don sai da masoyanta suka yi masa rotse. Ya tattara ya gudo Dubai a 2005. Da rana yana yi wa 'yan kasuwa tafinta a kasuwar yadi ta Bur Dubai, da yamma ya koma ɗakinsa a International City yana kitsa na biyar, don mutumin ba ya jin bari.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya shiga abra, ƙaramin jirgin ruwan da ke tsallakar da mutane. Wani mutum mai kamar shekara talatin, baƙin mai duk ya cika masa farce, ya zauna kusa da shi ya gaishe shi da ladabi.

"Malam Mika'ilu, na daɗe ina neman ka. Sulaiman nake, ina gyaran mota a Ras Al Khor. Ni ne ɗan farin Asama'u Garko."

 Mika'ilu ya dubi gaɓa ta yi nisa, shi kuma bai iya iyo ba.

"Kwantar da hankalinka, Malam. Godiya na zo yi."

Ai gara duka da wannan godiyar, don Mika'ilu ya san babin da ake nufi. An taɓa tambayar Asama'u a rediyo labarin ɗanta na fari, ta yi dariya ta ce, "Wane ɗa?" Kowane Bahaushe ya san kunyar ɗan fari ce, wadda ke hana uwa kama sunansa, har ta miƙa shi riƙo. Amma kunya ba ta sayar da littafi. Sai Mika'ilu ya ƙago wata mata, ya kira ta "makusanciyar da ta nemi a sakaya sunanta", ya sa mata magana a baki: wai da kunnenta ta ji Asama'u tana cewa ta yar da yaron ne don goyo zai kashe mata kasuwa.

"Tun da na karanta ban sake ɗaga wayarta ba," in ji Sulaiman. "Yanzu an bugo mini tana asibiti, ƙoda ce, wai tana ta kiran sunana. Yau ta san sunan! Maigidana ya ba ni hutu, na ce ya riƙe abinsa. Khalas, shi ke nan."

Mika'ilu ya sha zagi a jarida, ya sha tsinuwa a majalisa, bai taɓa yin ko gezau ba. Yau kam tsoro ya kama shi, tsoro na gaske. Mata na can kwance tana jiran ɗanta, kuma ƙaryarsa ce ta tare hanya.

"Sulaiman, ka je ka ga mahaifiyarka. Kunya ce kawai ta ɗan fari."

"Na san kunya, Malam, ba a Turai aka haife ni ba. Abin da matar nan ta ji fa?"

 Mika'ilu bai taɓa furta wannan ga kowa ba, ko ga mai buga masa littattafai.

"Babu matar. Ni na ƙirƙire ta. Wallahi babu ita."

Sulaiman ya yi murmushi irin na wanda ake yi wa wayon yara.

"Ka iya riƙe amana, Malam. Amma ai mun gano ta tuni. Gwaggo Saratu ce, wadda ta riƙe ni. Wa zai san wannan in ba ita ba? Ta dafa Alƙur'ani ta ce ba ita ba ce, dangi suka watse mata duk da haka. Bara ta aurar da 'yarta, ko mutum ɗaya daga gidanmu bai leƙa ba."

"Ban taɓa ganin ta ba! Ko sunanta ban sani ba sai yanzu!"

Wasu Pakistanawa da ke gefe suka juyo suna kallon sa. Fuskar Sulaiman ta canja, ya rage murya cikin tausayi.

"Sun same ka, ko? Mutanen mahaifiyar tawa ne suka ce ka faɗa mini haka? Kar ka damu, na san halinsu. Abin da ka rubuta lokacin da ba wanda ya matsa maka, shi na riƙe."

Abra ta bugi gaɓa, mai jirgin yana ta "Yalla, yalla!", wato a yi sauri a sauka. Mika'ilu ya cafki hannun rigarsa yana rantsuwa, yana haɗa shi da Allah, yana cewa zai buga gyara, zai faɗa a rediyo. Sulaiman ya ɓamɓare yatsunsa a hankali, ya riƙe hannun da hannu biyu kamar yadda ake yi wa babba.

"Allah ya saka da alheri, Malam. Da ba don kai ba, da yanzu ina cikin jirgin sama ina yi mata kuka."