Hubert Ya Zauna a Kan Hannayensa

A duk unguwar Yelwa ta Garwa, idan ana maganar wasan dam, mai kama da dara, Hubert ne gwani. Direban kamyo ne, babbar motar kaya, yana ɗauko siminti daga Figil, kuma ko da ƙura a gashin idonsa zai sauko ya cinye mutum kafin shayi ya huce. To amma a eshek, wasan da ake farautar sarkin abokin karawa a kan allo, wayyo, abin tausayi ne.

Yayan matarsa, Georges, tsohon jandarma, shi ya kawo wannan wasa daga kudu. Allonsa na baƙin katako ne, da sarakuna da dawakai da sojoji da wani masassaƙi ya yi masa a Marwa. Kowace Lahadi bayan coci sai ya shimfiɗa shi a gindin dalbejiya, ya lallasa Hubert, ya naɗe kayansa yana fito.

Da idon Georges ya fara rauni, ɗansa ya ce ya koma wurinsa Duwala. Tsohon ya faɗa a gaban kowa: "Wanda ya cinye ni sau ɗaya kafin in tafi, allon nan nasa ne. In babu, ya bi ni kudu ya kwanta a ƙarƙashin gado."

Hubert ya so allon nan har cikin ransa. Ya kuma ji haushi, don duk Garwa ta san shi ake nufi.

Ga inda matsalar take. A dam, doka ce: in an ba ka, dole ka ci. Hannun Hubert ya girma da wannan doka. Da ya ga abin ci, hannun ya riga kai isa. Georges kuwa, tsohon maƙiri, ya gane tun tuni. Sai ya miƙa masa soja, ya miƙa doki, Hubert na ta tarawa a gefe yana murmushi, can sai ya ga sarkinsa ba hanyar fita.

Matarsa Véronique, mai sayar da kifin Binuwai, ba ta san tafiyar doki ba, amma ta daɗe tana kallo.

"Baban Lucie, kai fa tarwaɗa ne," ta ce tana jera kifi a kan wayar gashi. "Duk abin da Yaya ya jefa sai ka haɗiye. Ka taɓa ganin ya yi wa wani kyauta a banza?"

"Ke me kika sani a wasan maza?"

"Na san Yayana. Zauna a kan hannayen nan naka, ka tambayi kanka me ya sa ya ba ka."

Ya yi tsaki ya fita. Amma Lahadin da ta zo, sai ga Hubert, ƙato guda, ya tura hannayensa ƙarƙashin cinya kamar ɗan makaranta. An yi masa dariya har da riƙe ciki. An cinye shi ranar, an kuma cinye shi ta gaba, sai dai yanzu Georges yana goge gumi. Kullum aka tashi, Hubert ya roƙi a mayar da wasan inda ya ɓata, ya duba da kyau. A hanyar Figil ma allon ne a kansa.

Lahadin ƙarshe, akwatin Georges na ɗaure a zaure. 'Yan dam duka sun kewaye su. Wasa ya yi nisa, sai tsohon ya tura sarauniyarsa, wadda ta fi duk kayan wasan ƙarfi, gaban sojan Hubert, ya dafe kai.

"Kash, idon nan!"

"Ci! Ci mana!" jama'a suka ɗauka. "Sarauniya ce fa, Hubert!"

Hannunsa na dama ya zame ya fito. Har yatsu sun kusa taɓa sojan, ya mayar da shi ya danne da cinya. Ya duba, ya sake dubawa. Ai kuwa! Sojan nan shi ke tsare ƙofar sarkinsa, da ya gusa dokin Georges zai faɗo ciki, magana ta ƙare. Hubert ya bar sarauniya inda take, ya ja dokinsa ya toshe ƙofar.

"Ya haukace," in ji wani.

Tarko ya tashi a banza, sarauniya ta koma neman hanyar gudu, gidan Georges kuma a buɗe. Hubert ya bi shi a hankali, ba gaggawa, har tsohon ya kai yatsa ya kwantar da sarkinsa, alamar ya sallama.

Wuri ya ruɗe. Véronique ta rangaɗa guɗa daga bakin ƙofa. Hubert kuwa sai washe baki yake.

Georges ya tattara kayan da lalube, ya ɗora masa a cinya.

"Na ji tsoro zan tafi ban bar kowa ba," ya ce. "Kada ka ɓoye shi, ƙanena. Nemi wani mai haɗama irinka ka koya masa."

Hubert ya ɗago ya dubi 'yan dam ɗin da suka yi ta ihun ya ci. Ya buɗe allon, ya fara jera sojoji.

"To, wa zai fara zama?"