Ɗakin Baya

Ɗana Auta ya jera murafen kwalba a tsakiyar falo, ja kusa da ja, kore kusa da kore, sai surukata ta sa ƙafa ta watsa su. Yaron ya toshe kunnuwa ya ƙwalla ƙara.

"Kin gani ko?" ta ce da ni. "Shekara huɗu ko 'Mama' bai iya faɗa ba. Daga gidanku kika kwaso mana wannan. A kai shi ɗakin baya kafin baƙi su fara surutu."

Mijina ya duƙufa a kan wayarsa yana neman abin da bai ɓata ba.

* * *

Likita ta ce galahanga ce, lalurar da kan sa yaro jinkirin magana da wahalar cuɗanya da mutane. Ta ce yawanci gado ne, yakan biyo ta uwa ko ta uba, wani lokaci shekarun uba ko abin da jariri ya gamu da shi a ciki su ƙara. Ba laifin kowa ba ne. Na dawo gida na zayyana musu komai, amma "ta uwa" kaɗai kunnen surukata ya ɗauka.

Ɗakin bayan kuwa da mai shi. Yayan mijina ke ciki, a kulle tun kafin a kawo ni gidan, wai aljanu suka taɓa shi yana ƙarami. Ni ke miƙa masa abinci, ni ke ganin cokulan da yake jerawa a bakin taga, manya a gefe, ƙanana a gefe. Raina ya daɗe yana tafasa.

* * *

Na kama hannun Auta, na buɗe kwaɗon ɗakin baya, na wangale ƙofa, na zube murafen a ƙasa. Yaya bai kalle mu ba. Ya ɗauki ja ya ajiye kusa da ja. Auta ya tsugunna ya miƙa masa wani.

Na ƙwala wa surukata kira: "Mama, zo ki ga abin da na kwaso daga gidanmu!"

Ta iso tana haki. "Rufe ƙofar nan, mutane za su gani!"

"Su gani. Ɗana ba zai shiga kulle ba, shi ma Yaya ya gama." Na jefa kwaɗon a kwandon shara.

Ta buɗe baki za ta zage ni, sai idonta ya sauka a kan ɗanta na fari cikin hasken rana. Ta dafa bango.

"Yaushe ya yi furfura?" ta ce.