Rungumar da Kyauta Ta Hana Ɗanta

Duk garin Ɗanzomo babu wanda ya kai Kyauta son runguma. Ɗan maƙwabta ya yi tuntuɓe, ta sure shi ta manna a ƙirji. Baƙuwa ta iso daga Gumel, kafin ta sauke kaya Kyauta ta ƙanƙame ta. Mutum ɗaya ne hannunta bai sake zagayewa ba tun da aka yaye shi, wato Ilu, ɗanta na fari. Al'ada ce uwa ta ji kunyar ɗan fari. Ko sunansa ba ta kira, sai dai "wancan". Goggo Mairo, yayar ubansa, ita ta raine shi, ita ke rungumarsa son ranta, Kyauta kuwa na leƙe tana haɗiyar yawu.

Shekarar da ruwa ya ƙi sauka, rumbuna suka yi fayau, har aka koma tonon gidan tururuwa neman ƙwayar gero. Ilu, lokacin ya zama saurayi, ya ja akuyarsu ta ƙarshe zuwa Maigatari ko zai samo hatsi. Wata rana da hantsi aka dawo da shi a kan jaki, ba akuya ba hatsi, sai ƙashi da fata da gudawar da ta ƙi tsayawa.

Aka kwantar da shi a ɗakin Goggo. Mata suka cika ɗakin maƙil, kowace da maganin da ta sani. Kyauta ta tsaya a bakin ƙofa. Ilu ya buɗe ido ya hango ta, ya ɗaga hannu da ƙyar.

"Inna," ya ce, "zo ki rungume ni, sanyi nake ji."

Idanu duk suka koma kanta. Ƙafarta har ta motsa. Sai wata tsohuwa ta yi gyaran murya, wataƙila ma maƙogwaronta ne kawai ya bushe. Kyauta ta sunkuyar da kai.

"Yaya, ki ƙara wa wancan mayafi," ta ce wa Goggo.

Ta zagaya bayan ɗaki ta zauna, tana jira a watse ta shiga ita kaɗai. Wa zai watse? Garin da babu daka babu girki, masu zuwa sannu ba su da abin komawa yi. Tana nan zaune har azahar ta gota, sai ta ji Goggo ta ɗauki salati.

Kafin ta kai ƙofa maza sun shigo, sun ce mata su ba da wuri a yi masa wanka. Daga nesa ta ga an fita da shi naɗe a tabarma.

Da la'asar mata suka kewaye ta suna yabo.

"Kai, Kyauta 'yar halak ce," in ji Goggo tana share hawaye. "Ɗa yana kira, ko taku ɗaya ba ta yi ba. Irin wannan kunya sai an tona."

Kyauta ta so ta kurma ihun da za a ji har garin Gagarawa, amma uwar ɗan fari ba ta kuka a gaban mutane.

"Na gode, Yaya," ta ce.