Kafinta Ba Ya Fin Masunci Ganin Kifi

Shekara talatin ina su a dam ɗin Tiga. Karatuna aji uku ne, shi ya sa kowace Lahadi bayan mun dawo daga coci 'yata Hasana ce ke karanta mini Littafi Mai Tsarki. Da ta dawo hutu daga kwaleji, muka zo kan labarin Bitrus, wanda ya kwana yana jefa taru bai kama komai ba, da rana ta fito sai Yesu ya ce ya sake jefawa, kifi ya cika jirgi biyu. Nan ta rufe littafin.

"Baba, malaminmu ya ce ba mu'ujiza ba ce. Yesu hango garken kifi ya yi, su masuntan ba su lura ba. Ni na daina karanta maka abin da ban yarda da shi ba."

"Mene ne sana'ar Yesu?"

"Kafinta."

"To ɗauko gyalenki."

Rana tsaka na tuƙa ta a kwalekwale har tsakiyar ruwa, na ajiye filafili.

"Idonki ya fi nawa. Hango mana garken."

Ta leƙa dama, ta leƙa hagu, har gyalenta ya jiƙe. "Fuskata kawai nake gani."

"Nuna ko'ina."

Inda ta nuna nan na jefa birgi, taruna na jifa, sau biyar. Muka samu ƙaramar karfasa ɗaya da tsohon silifa.

"Da rana kifi ƙasa yake yi," na ce. "Ni da na tsufa a ruwan nan ban gan shi ba, sai mai sassaƙa katako ne zai nuna wa Bitrus?"

"Amma Baba, wannan bai nuna abin ya faru ba."

"Ban ce ya nuna ba. Malaminki in ya ga dama ya ce ƙarya ce, mu san inda ya tsaya. Amma kada ya mai da masunta makafi don ya samu sauƙin bayani. Ni na yarda ya faru, don na san ba dabara ba ce."

Ta ɗaga silifan tana dariya. "Wannan zan kai masa."

Da muka isa gida, ina shanya birgi, na ji ta jawo kujera.

"Baba, zo ka zauna. A ina muka tsaya?"

"Inda taru ya fara yagewa," na ce. "Karanta a hankali, wurin nan na fi ki saninsa."